Rufin Gwashi da Ban Ɗaure Ba

Gummi,
Alhamis da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki lafiya inda aka tura ki, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum. Innarki ce za ta sa miki ita a ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, don haka na san ba za ki gan ta ba sai kin isa can bakin teku kin fara neman abin kaɗa miya. Ni na ce ta yi haka, don ba zan iya tsayawa kina karantawa ina kallonki ba.

Kada ki yi wa rubutun dariya. Da fensirin da nake saƙalawa a kunne na yi shi, kuma hannun da ya shekara talatin yana riƙe da guduma ba ya bin layi. Na yaga takarda uku kafin wannan.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Jibi Asabar za ki tafi bautar ƙasa, kuma yau wata biyu ke nan rabon da ki zauna kusa da ni. Kina durƙusawa ki gaishe ni da safe, ki ce lafiya lau, ki tashi. In kina son wani abu a wurina sai ki aiko Innarki. Ba ki yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ni na jawo, ranar da na yi miki tsawa gaban mutane a ƙofar shago. Ba na so ki haye gulbi da wannan a zuciyarki. Amma ba zan iya neman afuwarki ba sai na gaya miki dalilin tsawar, dalilin kuwa ya girmi ranar da shekara bakwai.

Bari in fara da ranar, ki ji yadda ni na gan ta. Ƙarshen damina ne, lokacin da rediyo ya cika da labarin mahaukaciyar guguwar teku da ke ta afka wa Amurka da tsibiran da ke kusa da ita, wannan na wucewa wata na tasowa. Majalisar ƙofar shagona ta rabu biyu kamar kullum. Wasu na cewa duniya ce ta ɗumama, hayaƙi ya ɓata sama, iska sai ƙaruwa take yi can da nan. Wasu na cewa zancen Turawa ne, tun zamanin kakanni iska ke yaye ɗaki. Ni ne limamin ɓangaren farko, kuma ina da hujjar da babu mai irinta, wato ƙyauren shagona. Duk ɗakin da iska ta yaye aka kira ni gyara, sai in ja zane ɗaya da ƙusa a bayan ƙyauren, kowace shekara da layinta. Layukan sama gajeru ne, na ƙasa sun kusa kaiwa ƙarshen katako. In musu ya yi zafi sai in juyo ƙyauren in ce, to ga shi, gani ya kori ji.

Kin kawo mini fura kika tarar ina cikin nunawa. Da yake ba ki daɗe da gama karatun labarin ƙasa a Sakkwato ba, sai wani ya ce a tambayi malama mana. Kika yi ta noƙewa. Ni da kaina na ce ki yi magana, don na tabbata bayana za ki goya. Kika durƙusa kika ce masana ba su cika musu a kan cewa duniya na ƙara zafi ba, amma maganar yawan guguwa ta fi wuyar yankewa. A da, guguwar da ta taso ta mutu a tsakiyar teku ba wanda ya san da ita sai in jirgin ruwa ya yi karo da ita, yanzu kuwa tauraron ɗan'adam na ganin kowacce. Bakin tekun da a da babu kowa yanzu ya cika da gidaje, saboda haka ɓarna na iya ƙaruwa ko da adadin guguwar bai ƙaru ba. Kika ce da yawansu sun fi jin tsoron ƙarfinta da yawan ruwan da take zubarwa fiye da adadinta. Har nan ina ta gyaɗa kai, ina duban fuskokin mutane, ina so su ga abin da ɗiyar kafinta ta zama.

Sai kika dubi ƙyauren kika ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma zanen ga ba iska kaka ƙirga ba, kiran da anka yi maka kaka ƙirga. Shekarun can na sama, ɗaki nawa ad da kwano cikin garin ga? Kuma cikin waɗanda iska tay yaye, nawa anka ɗaure da rodi, nawa ba a ɗaure ba?"

Kin san abin da na ce. Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na ce boko ya sa kin fara koya wa ubanki sana'arsa. Na ce ki ɗauki ƙwaryarki ki ba ni wuri. Kika ɗauka da sauri, furar ta zubo a bakin zanenki. Ba wanda ya ƙara ja da ni a ranar, kuma ban taɓa jin na ƙanƙance kamar a ranar ba.

Tambayarki ta farko da na iya haɗiye ta. Ta biyun ce ta taka ni a inda ke ciwo.

Ke ɗiyar kafinta ce, amma ban taɓa hawa sama da ke ba, bari in yi miki bayani. Kwano ba shi da nauyi. In iska ta samu ƙarƙashinsa ba turawa take yi ba, ɗagawa take yi. Ƙusa na riƙe kwano da katako, amma babu abin da ke riƙe katako da bango sai ɗauri. Ana huda bango kamar kamu ɗaya ƙasa da kansa, a zura siririn rodi, a naɗo shi bisa katakon da ke kwance kan bangon, a murɗe. Haka za a yi a kowace kusurwa da tsakanin kusurwoyi, musamman ta gabas inda hadarinmu ke tasowa. Aikin rabin yini ne, kuma da zarar an shafe kan bangon da ƙasa, mai tsaye a tsakar gida ba zai gane an yi ko ba a yi ba. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, ba ya bari mu sauko sai ya bi ɗaurin ɗaya bayan ɗaya ya ja da hannunsa.

Kin san Malam Hassan na Gwashi, mai ɗingishin nan da ke aiko mana da zabi da gero duk kaka. Tare muka yi firamare, a benci ɗaya. Shekarar da zinariya ta buɗe a Bagega, duk wanda ya samu sai ya rushe soro ya ce kwano yake so, masu bunu ma suka bi sahu. Ana nemana Anka, ana nemana Bagega, ana nemana Adabka. Ban taɓa ganin aiki irin na lokacin ba, kuma kaina ya kumbura. A cikin haka Hassan ya sayar da wakensa ya sayi kwano, ya aiko cewa ba wanda zai rufa masa ɗaki sai ni. Na hau babur na tafi. Sai da muka gama ɗora katako na zazzage buhun kayan aiki, na ga na baro rodin ɗaurin a Bukkuyum, wurin mai facin da na tsaya. Kin san hanyar nan, zuwa da dawowa yini guda ne, ga shi washegari ana jirana a Bagega da gida mai ɗaki shida. Na ɗaga kai na dubi sama, tsakiyar rani ne, ko ɗigon gajimare babu. Na ce a raina zan dawo in ɗaure kafin bazara. Na ƙara ƙusoshi, na sa aka shafe kan bangon, na jera duwatsu bisa kwanon. Da na sauko Hassan ya ce, "Garba, an ɗaure ko?" Na ce, "An ɗaure."

Ban koma ba. Kuma ba mantuwa na yi ba, kada in ƙara wata ƙaryar a kan ta farko. Duk sanda na tuna sai in ce mako mai zuwa, domin komawa na nufin in tsaya gabansa in ce na yi masa ƙarya. Hadarin farko na bazara ya taso da la'asar, ya ɗaga rufin gaba ɗaya kamar faifai, ya kifa shi a tsakar gida. Hassan ya fito yana kora yara zuwa zaure, katako ya same shi a ƙugu. Yaran ba abin da ya taɓa su, alhamdu lillahi. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, kuma mutumin da ke yini bayan shanun noma bai ƙara riƙe garma ba.

Da labari ya iso ni, na ɗauki rodi na je na sake rufin, na ɗaure shi yadda ban taɓa ɗaure wani ɗaki ba. Ina sama ina murɗawa, 'yan jaje na ƙasa suna hira, sai na ji wani tsoho ya ce tun da yake bai taɓa ganin iska irin wannan ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na leƙo na ce ai iskar zamanin nan babu ɗaurin da ke riƙe ta. Kowa ya ce haka ne. A makon na fara jan zane a ƙyaure. Layukan shekarun baya kuwa, waɗannan gajerun na sama da nake taƙama da su, daga ka na cike su a zama ɗaya. Kin san halin ƙwaƙwalwa, tana riƙe bara da kyau, na shekara goma baya kuwa sai abin da ta ga dama ta ba ka.

Ga nasihata ta farko, kuma da tsada na saye ta, ba ma ni kaɗai na biya ba. Aikin da za ki yi a can, wato auna ruwa da iska da zafi ki rubuta a takarda, irin aikin ɗauri ne. Mutanen da ke ƙasa ba za su iya ganin ko kin yi ko ba ki yi ba, yarda kawai za su yi su shiga ɗakin su kwanta da 'ya'yansu. Ranar da ba ki auna ba, ki bar wurin fili, ki ce ban auna ba. Ranar da kika yi kuskure, ki faɗa kafin rana ta faɗi. Da na ce wa Hassan na baro rodi a Bukkuyum, iyakarta ya yi mini tsiya ya ce tsufa ya fara kama ni, ya aika wani ya ɗauko.

Ta biyu ta fi wuyar bayani, amma ki saurara. Ba zama na yi na shirya yaudarar mutane ba, Balkisu. Na yarda da ƙyauren nan har zuciyata. Duk zanen da na ja sai in ji nauyin Hassan ya ɗan ragu a kaina, domin in iska ce ta haukace a duniya duka, har Amurka da ƙarfinta ba ta tsira ba, to wane ne Garba da za a tuhume shi? Shi ya sa in rediyo ya kawo labarin guguwa nake ƙara murya. Mutane na can gidajensu na nutsewa, ni ina nan ina tara shaidu. Allah Ya yafe mini. Saboda haka in kika ga ranki na son wata amsa ƙwarai, ki tsaya ki tambayi kanki me za ki samu in amsar ta zama haka. Za ki haɗu da manya masu digiri a ɓangarorin biyu, kowa da ƙyaurensa. Ki girmama su, amma ki tambayi wanda ya ja zanen, da yaushe ya fara ja, da abin da bai ja ba.

Washegarin tsawar, Innarki ta kawo mini koko ta dire shi da ɗan ƙarfi. Shekara ashirin da bakwai muna tare, na san ma'anar wannan direwar. Ta ce, "Malam, ɗiyar ga ba zaginka tay yi ba, tambaya tay yi. Kuma in ƙirga kaka so, ka ƙirga itacen da kas sare gabas da gidan ga." Ta juya ta tafi. Gaskiya ta faɗa. Kina ƙarama akwai dogon yaro guda biyar jere a bayan katangarmu, kakanki ya dasa su. Na samu aikin bencuna, katako ya yi tsada, na dube su na ga benci tsaye. Innarki ta ce in bar ko biyu, na ce inuwa ba ta cika ciki. Daga shekarar iska ta riƙa shigo mana kai tsaye, ta kwashe shanya, ta kifar da danga, sau ɗaya har ta ɗauke rumfar girki. Kuma ba ni kaɗai ba, rabin garin nan haka muka yi, da masu katako da masu gawayi da masu faɗaɗa gona. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki kula da abin da kika tarar magabata sun bari tsaye, ki tambayi aikin da yake yi kafin ki sa masa gatari.

To amma kada ki karanta wannan ki ce Baba ya koma ɓangaren masu cewa babu abin da ya sauya. Na taɓa zama a can ma, kuma can ma kunya na kwaso. Tun kafin zancen Gwashi, akwai Buba, Bafulatanin da ke sauka da shanunsa a gonarmu bayan girbi don mu samu taki. Shekara bayan shekara yana ce mini damina ta daina cika alkawari, tana fara wa mutum da ruwa ɗaya mai kyau sannan ta ɗauke ƙafa. Ya ce tafkin da shanunsa ke sha har tsakiyar rani yanzu tun da wuri yake ƙafewa, gamba ma ta yi wuyar gani. Na yi masa dariya, na ce Bafulatani da kukan ciyawa ai tun ran gini tun ran zane. Ya ce, "Kafinta, kai katako kaka duba, ni ƙasa nika duba." Ruwan farko na sauka na fita na shuka gero kamar yadda na ga ubana na yi. Ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone. Na sake, ya sake ƙonewa. A shekarar Innarki ta sayar da tunkiyarta kafin kaka ta yi, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba.

Buba bai san ko baƙi ɗaya na karatu ba, amma ƙafarsa ta taka tafkin nan kowace shekara, kuma ba abin da zai samu in ya ƙara ko ya rage. Shaidarsa ta fi ta ƙyaurena nesa ba kusa ba. In kin je can za ki tarar da masunta da tsofaffin da suka tashi a bakin ruwan, ki zauna ki ji ta bakinsu, kada takardarki ta sa ki raina su. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hannuna ya yi laifi, wannan bai wanke sama ba, kuma ko sama ta sauya, wannan bai wanke hannuna ba. Sai da na kai shekara hamsin da ɗoriya kafin na iya riƙe maganganun nan biyu a lokaci ɗaya.

Kada kuma ki ji kunyar aikin awo, ko wa zai ce wasan yara ne. Kin isa tuna lokacin da yara ke ta mutuwa a Bagega, kowa da abin da yake cewa ya jawo. Sai da masu awo suka zo suka gwada ƙasa da jini aka gane gubar dalma ce ta dutsen da ake daka a cikin gidaje. Na rufa ɗakuna a garin nan, na san iyayen wasu daga cikin yaran.

Yanzu ga abin da ya fi tsorata ni. Ba fushinki ba ne, fushi na wucewa. Tsorona kada ya zama na koya miki yin shiru. Kin yi tambaya mai kyau, a durƙushe, da izinina, aka biya ki da tsawa. In kika ɗauki wannan darasin kika tafi da shi, wata rana wani babba zai nuna ƙyaurensa a ofis, ki ga ɓarakar, ki tuna ƙofar shagona, ki haɗiye maganar. In haka ta faru to na yi ɓarnar da ta fi ta Gwashi. Ki sani, in kika yi tambaya cikin ladabi mutum ya tashi da faɗa, sau da yawa ba kuskure kika yi ba, wani miki kika taɓa da ba ki san da shi ba. Ki tausaya masa, ki ba shi lokaci, in da hali ki same shi shi kaɗai. Amma kada ki janye tambayar.

Ranar Litinin da ta wuce na ce muku zan je duba aiki a Bukkuyum. Gwashi na je. Innarki kaɗai ta sani, kuma ba ta so ba, don kin san yadda hanyar ta zama yanzu. Na tarar da Hassan a gindin tsamiyar ƙofar gidansa yana tufkar igiya, ita ce sana'arsa tun da ya bar garma. Ya yi murna, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi kowa da sunansa. Na zauna ina kallon ɗakin, rufin na nan daram. Na yi ta kewaye-kewaye da zancen gero da farashin taki har ya gaji ya ce, "Garba, ba taki ya kawo ka ba."

Na ce, "Hassan, ɗakin ga ban ɗaure shi ba karon hwarko. Ka tambaye ni, nic ce an ɗaure. Ƙarya niy yi maka. Ƙahwar ga taka, hannuna ne."

Bai daina tufka ba. Ya ce, "Na sani."

Na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce, "Ina kwance tsakar gida, kwanon na gehena, ba abin da nika iyawa sai kallo. Na bi katakon ga da ido tun daga wanga kai har wancan, ban ga rodi ko guda ba."

Na ce to me ya hana shi faɗa, ga shi har zabi yake aiko mini. Ya ajiye igiyar ya ce, "Na yi hushi, Garba, kada ka zaci ban yi ba. Shekara guda ban son jin sunanka. Amma na riƙa tuna ranar da kaz zaka gyara. Ina ɗaki kwance ina jin ka bisa, kana murɗa kana jan hanci, ɗauri huɗu inda aka yin guda. Nic ce mutumen ga da hannu shika ba ni haƙuri, bakinai ne bai iya ba. Bari in jira bakin. Zabin ga kuwa, don ka san ƙohwa buɗe take." Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ka daɗe hwa."

Na yi kuka, Balkisu, gaban tsamiya da rana tsaka, ba zan ɓoye miki ba. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Sannan ya tambayi abin da ya kwance mini baki bayan shekara bakwai, na ba shi labarin tambayarki da abin da na saka miki da shi. Ya ce, "Ka ba ta haƙuri?" Na ce ban yi ba tukuna. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka, ya ce, "Ni ina da gindin tsamiya da zan zauna in jira ka. Ita tahiya za ta yi."

Da na dawo na ɗauki alli na tsaya bayan ƙyauren, na yi abin da kika ce. Duk zanen da na iya tuna ɗakinsa, in ba a ɗaure yake ba ko an sare itacen da ke kare shi, sai in sa masa alama. Allin ya ci mafi yawansu. Amma akwai waɗanda suka rage, ɗakunan da ni da hannuna na ɗaure su da kyau bayan Gwashi, iska ta zo ta yaye su duk da haka. Don haka in kika tambaye ni yau ko iska ta ƙaru, amsata ita ce ban sani ba, kuma ban mutu ba da na faɗe ta. Jiya Laraba na faɗe ta a majalisa. A wurin da na yi miki tsawa, a nan na tsaya na ce ɗiyata ce ke da gaskiya, na kuma gaya musu zancen Hassan. Wasu sun sunkuyar da kai, wani ya ce ashe liman ma na rafkanwa. Ban kankare ƙyauren ba, na bar shi da zanensa da allinsa. Ki je ki koyi ƙirgar da kyau, ki dawo ki gaya mini amsar, ko wacce ce zan karɓa.

In an ba ki ɗaki a can, kafin ki shimfiɗa tabarma ki ɗaga kai ki dubi rufin, ki tambayi mai gidan ko an ɗaure. In ya ce an ɗaure, ki ce ya nuna miki. Ki ce ubanki kafinta ne, ya san dalilin da ya sa ake tambaya sau biyu. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki zauna lafiya da maƙwabta ko wane addini suke yi, kada ki shiga ruwan nan don kin ga wasu na shiga, ba gulbinmu ba ne.

Na ba Hassan haƙuri da hannu shekara bakwai kafin baki ya iya. Ke ma na so in yi miki haka. Akwatin katakon da kika gani a ƙofar ɗakinki makon jiya, mai sabon makulli, haƙuri ne, na san kuma kin gane, don na ga yadda kika shafa murfinsa. Amma an gaya mini hannu bai isa ba. Ki yafe mini, Balkisu. Na zalunce ki, kin fi ni gaskiya, kuma tun a ranar, ina cikin yi miki tsawar, ina alfahari da ke.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa albarka a karatunki da aikinki, Ya ba ki harshen faɗar gaskiya da zuciyar karɓarta. Allah Ya yi miki albarka, amin.

Na san in kin isa Innarki za ki kira, ita kuma ta leƙo shago ta ce mini kin sauka. Ki kira ta, haƙƙinta ne. Amma in kin gama karanta wannan, in zuciyarki ta yarda, ki kira ni ni kaina. Wayar na aljihun gaba na rigata. Ko ina kan rufi zan ajiye guduma in ɗauka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Garba kafinta.